Wata Bakwai a Bakin Ramin da Babu Shi

"Ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Darakta ya ɗago kai daga wayarsa, ya dube ni kamar fankar ofishinsa ce ta yi magana. Ya sake turo mini takardar da ɗan yatsa, ya ɗora biro a kanta.

"Injiniya, ƙila ba ki ji ni da kyau ba. Ba shawara nake nema ba. Nan, ƙasan sunanki."

"Na ji ka sarai. Takardar nan cewa ta yi babu sauran rami ko ɗaya a titunan garin nan. Ni kuwa da safen nan sai da na tattare siket na kewaye ɗaya kafin in shigo."

"Wane rami?"

"Na ƙofar ofis, ranka ya daɗe. Wanda direbanka yake salati kullum in ya zo kansa."

Watana biyar ke nan a lokacin da fara aiki a hukumar gyaran tituna, a matsayin jami'ar awo. Ni ce mai bin titi da tef da littafi, in auna rami, in ba shi lamba, in an cike shi in dawo in shaida. Ba a rufe rahoto sai da sa hannuna, don ni kaɗai ce mai takardar shaidar aikin awo a ofishin. Kuma ina cikin shekarar gwaji, wadda in ta cika ake tabbatar da mutum a aiki, ko a nuna masa ƙofa.

Abin da ya faru shi ne, Shugaban hukuma ya shiga rediyo ya sanar da duniya cewa shirin cike ramuka ya kammala, ko na kiyashi bai rage ba. Gaskiya an yi ƙoƙari. An cike ramuka fiye da ɗari huɗu, da idona na gani. Sai guda ɗaya. Layin da ya raba shiyyar gabas da ta yamma a taswirarmu ta tsakiyar ƙofar ofis ya bi, ramin kuwa a kan layin ya yi zamansa. 'Yan gabas suka ce na yamma ne, 'yan yamma suka ce ai ya fi karkata gabas. Wata uku motocin kwalta suna kewaye shi da safe su tafi cike 'yan uwansa, su dawo da yamma su sake kewaye shi. Sau huɗu ina rubuta shi a jerin ramuka, sau huɗu wani yana sokewa.

"To a cike shi mana," na ce. "Ga motar kwalta can bayan ofis tana barci. Awa biyu an gama, in sa hannu har da murmushi."

Darakta ya girgiza kai cikin tausayi. "Kin ga yarinta. Kafin mota ta fita sai an cike takardar neman kwalta. A takardar sai an rubuta lambar rami. Lambar rami daga jeri take fitowa. Jeri kuwa an rufe shi ranar da Shugaba ya yi magana a rediyo. To ki gaya mini, ke mai digiri, ta yaya za a cike abin da babu?"

"A buɗe jerin."

"Wato Shugaba ya yi ƙarya ke nan?"

"Ba ni na faɗa ba. Ramin ne ya faɗa."

Ya ajiye wayar a tebur. A ranar na fara ganin hannunsa na dama babu waya. "Tunda kin fi kowa ganinsa," ya ce, "daga gobe can ne ofishinki. Ki ɗauki kujera ki je ki zauna da shi. Kada ki bar kowa ya ɗauki hoto. Ranar da rana ta dafa miki kai, ga biro nan yana jiranki."

"To, ranka ya daɗe. Amma a ba ni a rubuce."

Abin da malamanmu suka fi nanata mana a jami'a ke nan, ya fi lissafin kwalta zama a kaina: duk abin da aka sa ka, a rubuce.

Sakatariyar Darakta, wadda kowa yake ce wa Anti, saura mata shekara guda ta yi ritaya. Da yatsa biyu take buga takarda, tana yi tana tauna cingam. Ta dube ni ta saman gilashinta.

"'Yar nan, darakta tara na yi wa aiki a kan kujerar nan. Kin san me ya zaunar da ni? Ban taɓa ganin komai ba."

"Ni kuwa Anti gilashina sabo ne."

Ta yi ɗan tsaki, ta ci gaba da bugawa. Ta kai masa takardar, ya sa hannu yadda ya saba, waya a kunne, ido a silin. Ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba. Layi biyu ne kacal: "An tura ki aiki bakin ramin da ke ƙofar ofis, daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe huɗu, har sai abin da hali ya yi." Na naɗe ta, na sa a leda, na jefa a jaka.

Washegari na fito da kujerar roba da laima, na sa takalmina mai tsini, na zauna a bakin rami kamar wadda aka naɗa sarauta. Ƙarfe takwas daidai na zaro tef. Faɗi mita ɗaya da rabi, zurfi santimita ashirin da biyu. Na rubuta, na sa kwanan wata.

Ban gama rufe littafin ba sai ga wani dattijo ya tsallako titi, hannayensa baƙi ƙirin da man taya. Mai faci ne, rumfarsa tana kallon ramin ido da ido.

"Sannu da aiki, 'yata. Na ga kina awo. Ba dai cike shi za a yi ba?"

"A'a, Kawu. Gadinsa aka sa ni."

Ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Ashe hukuma ta fara sanin darajar abu. Kin ga ramin nan? Shi ya aurar mini da 'ya biyu. Sauran ramukan garin nan duk an bi an kashe su, abokan sana'ata sun watse. Ni kaɗai Allah ya bar wa nawa."

"Ni kuwa so nake a cike shi."

Ya dube ni, ya dubi ramin, kamar na zagi wani nasa a gabansa. "Me ya yi miki?"

Duk da haka muka saba. In rana ta juya, shi yake zuwa ya gyara mini laima ya ɗaure ta da tsohuwar roba. In mota ta taho da gudu, ni ina ɗaga hannu ina cewa a rage, shi yana daga can yana addu'a ƙasa-ƙasa. In aka ji "fas", sai ya miƙe ya kaɗe wando ya ce, "Injiniya, yau ni na ci."

Maganar hoto kuwa, takardata ba ta ambace ta ba, don haka ban hana kowa ba. Iyakaci in na ga mutum ya ɗaga waya, sai in ce ya koma ta wancan gefen, don kada rana ta ɓata masa hoton. Cikin mako biyu ramin ya zaga wayoyin garin, ni a gefe da laimata, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Hukuma ta fitar da sanarwa cewa hoton bogi ne, maƙiya ne suka sa na'ura ta haɗa shi, kuma duk mai hankali zai gane, don babu macen da za ta zauna a titi da irin wannan takalmi.

Ranar na tarar da Mama a tsakar gida, wayar maƙwabciya a hannunta.

"Zo nan, Auta. An ce wai na'ura ce ta ƙera ki. Ni da na yi kwana biyu ina naƙudarki, ashe wahalar banza na sha."

"Mama, ki rabu da su."

"Da wa zan rabu? Shekara biyar kina jami'a, ina gaya wa mutane 'yata injiniya ce. Yanzu in an tambaye ni ina take aiki in ce me? Kin san abin da na ce wa matar gidan can? Na ce an ƙara miki girma, an ba ki sashen waje."

"Ai ba ki yi ƙarya ba."

"Dubi fuskarki. Kin fara komawa kalar kwaltar. Ke dai ki sa musu hannun nan, me zai ragu a jikinki? Hannu ne fa, ba ƙoda ba."

Na ce mata sunana ne a ƙasan takardar. Ta ce ai ita ta raɗa mini sunan, kuma ta yafe. Sannan ta tura mini kwalbar man shafawa, ta ce in riƙa labtawa kafin in fita.

A cikin ofis kuwa an hana faɗin kalmar. Sanarwa aka liƙa a bango cewa duk ma'aikacin da aka ji ya ce "rami" zai amsa tambaya. Sai suka koma cewa "wurin nan". Za ka ji babban mutum da gemunsa yana ce wa baƙo, "Ka kula da wurin nan, yana da ɗan zurfi." Masu gaishe ni suka ragu. Waɗanda muke cin abincin rana tare suka koma wucewa suna kallon sama, kamar masu neman jirgi. Ɗaya daga cikinsu garin kallon saman ya zurma ƙafa. Na taimaka masa ya fito, na ce, "Sannu, me ya same ka?" Ya ce, "Ba komai, tuntuɓe na yi da iska."

A wata na biyu aka yi taro a kansa. Washegari mai fenti ya zo ya zagaye shi da farin layi, aka kafa allo: SHATALETALE. Direbobi suka bi doka, suka fara zagaye shi, har wata bas ta zagaya ta kwashe rabin ƙofar ofis. Aka cire allon. Na auna: faɗi mita biyu, zurfi santimita talatin da ɗaya.

Da damina ta sauka sai ya cika fal. Agwagin wata mata daga bayan layi suka gano shi, kullum da hantsi su taho a jere, uwa a gaba, su yi wankansu su koma. Aka sake taro, aka sake allo: MATATTARAR RUWAN SAMA. Har wani daga sashen yaɗa labarai ya zo ya ɗauki hoton agwagin, ya roƙe ni in ɗan matsa kada in fito. Na matso da kujerata tsakiyar hoton. Yanzu da sanda nake auna zurfi, in fito da ita in ɗora tef. A littafina kuwa kalma ɗaya nake rubutawa a saman kowane shafi, da manyan baƙaƙe.

Darakta da kansa ya daina bi ta ƙofar. An ce ta baya yake shiga, ta wajen da ake ajiye tsofaffin ganguna, yana tattare babbar riga. Amma duk ranar Litinin sai ya leƙo ta tagar bene ya ɗaga mini biro. Ni kuma in ɗaga masa tef.

Kada a ɗauka abin duk dariya ne. Akwai ranakun da ruwa yake shigowa ta ƙarƙashin laima ya jiƙa ni har ciki, in zauna a haka har ƙarfe huɗu, don kada a ce na bar bakin aiki. Akwai ranar da wata da muka gama makaranta tare ta tsaya a motar kamfaninsu, ta sauke gilashi ta ce, "Ke ce kuwa?" Na ce ni ce, bincike nake yi. Da ta tafi na buɗe littafi na ƙura masa ido, na kasa karanta rubutuna. Ban taɓa barin na bene su ga haka ba. In hawaye ya taho sai in sunkuya in yi kamar ina duba gindin sanda.

A wata na biyar zazzaɓi ya kama ni. Na yini ina rawar sanyi cikin rana, Kawu yana ta cewa in tafi gida, shi zai riƙe mini ramin, ai ba gudu zai yi ba. Wajen azahar na miƙe. Na ce a raina, shi ke nan, sun ci. Na hau bene ina dafa bango, na tsaya gaban teburin Anti.

"Anti, Darakta nake son gani. A fito da takardar."

Ta daina tauna cingam. Ta dube ni daga sama har ƙasa, da takalmina da ya ci laka.

"Ya fita."

Daga bayan ƙofa kuwa muryarsa ake ji yana dariya a waya.

"Anti, ga shi ina jin sa."

"Na ce ya fita. Ni ce sakatariya ko ke? Ungo wannan maganin, ki haɗiye da ruwa, ki je gida ki kwanta. In kin warke, in har yanzu kina son ganinsa, sai in duba ko ya dawo."

Kwana uku na yi a kwance. Da na warke ban sake hawa benen ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba.

Shekarar gwajina ta cika a wata na bakwai da zamana a waje. Aka ce kwamiti zai zo daga hedikwata, mutum uku, su duba waɗanda za a tabbatar. Tun da safe ofis ya rikice. Aka shimfiɗa katako a kan ramin, aka rufe da jar darduma tun daga bakin titi har ƙofa, aka kori agwagi. Ni aka ce in matsa gefe in riƙe fure.

"Katakon nan ba zai ɗauki mutum ba," na ce wa mai shimfiɗawa. "Faɗin ya kai mita uku yanzu."

"Faɗin me?" ya ce, yana waige-waige.

Shugaban kwamiti mutum ne mai jiki, cikin farin kaya. Ya sauko daga mota, ya taka darduma cikin isa, taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu katako ya ce "ƙaras", darduma ta lotsa, ƙafarsa ta dama ta tafi har gwiwa. Ruwan laka ya yi tsalle ya sauka a hular Darakta. Daga can tsallaken titi na ji muryar Kawu: "Kai! Wannan ba taya ba ce, babu ruwana."

Aka ciro shi, aka yi ta sannu. Babu wanda ya ce komai a kan abin da ya faɗa ciki. Haka ya hau bene, takalmi ɗaya yana kuka.

Da aka kira ni, suna zaune su uku, Darakta a gefe, Anti da littafinta. Shugaban kwamiti ya buɗe fayil ɗina, wandonsa yana ɗiga a kan tayil.

"Malama, rajistar zuwa aiki ta nuna wata bakwai ba ki sa hannu ba. Ina kika shiga?"

"Ina bakin aiki, ranka ya daɗe. An hana ni hawa bene, rajistar kuwa a bene take."

"Wane bakin aiki?"

"Bakin rami."

Wandonsa ya ci gaba da ɗiga.

"Wane rami?" in ji shi.

Na dubi ƙafarsa. Shi ma ya dube ta, sannan ya janye ta ƙarƙashin tebur.

"Ni dai ban ga rami ba," ya ce. "Ku kun gani?" Na damansa ya ce bai gani ba. Na hagunsa ya ce shi ido yake fama da shi tun bara. "To kin ji. Rahoton Shugaba ya ce babu rami. Wurin da babu shi ba a zuwa aiki a cikinsa. Saboda haka wata bakwai kina fashi."

Na buɗe jaka, na zaro ledar, na warware takardar, na karanta musu da ƙarfi, kamar ɗalibar da ta san ta ci jarrabawa. Da na zo kan "bakin ramin da ke ƙofar ofis" na ɗan tsaya na ja numfashi. Sannan na juya ta na nuna musu sa hannun da ke ƙasa, da hatimi, da kwanan wata: kwana huɗu bayan jawabin rediyo.

Shugaban kwamiti ya juya a hankali ya kalli Darakta. "Kai ka rubuta wannan kalmar? A takardar hukuma?"

Darakta ya kalli Anti. Anti tana kallon silin, tana tauna cingam.

"Abin da aka faɗa mini na buga," ta ce. "Ni ban taɓa ganin komai ba."

Aka ce in fita in jira. Na ji ana ta ɗaga murya a ciki. Bayan rabin awa Darakta ya fito shi kaɗai, laka ta bushe a hularsa. Muryarsa ta yi laushi kamar ta mai neman aure.

"Injiniya, 'yata. Ai ni uba ne a wurinki. Duk abin nan horo nake miki, kuma kin ci. Abu biyu kawai: ki ba ni wannan 'yar takardar, ki sa hannu a rahoto. Yau ɗin nan a tabbatar da ke. Ofis mai sanyi, kujera mai juyawa."

Ba zan ɓoye ba, kujera mai juyawar nan ta taɓa mini zuciya. Wata bakwai ina kan roba.

"A cike shi, ranka ya daɗe, in sa hannu."

"Kin cika taurin kai."

"Haka Mama take cewa."

Wannan ranar Alhamis ce. Ranar Litinin na sauko daga mota da kujerata da laimata, na tsaya turus. Babu rami. Kwalta sabuwa, baƙa wuluk, har tana ƙyalli. Sai wani siririn layi a tsakiya, inda ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu. Agwagi suna tsaye a gefe a jere, suna kallon wurin kamar waɗanda aka yi wa tashin gida.

Kawu yana zaune a kan tsohuwar taya, ya zuba tagumi.

"Ranar Asabar suka zo," ya ce, bai dube ni ba. "'Yan gabas suka cike rabinsu, 'yan yamma suka cike nasu. Har faɗa suka yi a kan tsakiyar. Mai gidan naku da kansa ya riƙe shebur. Awa biyu."

"Ai na gaya musu awa biyu ne."

"Kin ji daɗi ke nan. Ni da nake ɗaure miki laima."

Na hau bene, wannan karon babu wanda ya tare ni. Darakta yana tsaye yana murmushi, rahoto a buɗe, biro a kai.

"To, Injiniya. Leƙa ta taga. Akwai rami?"

"Babu, ranka ya daɗe. An yi aiki mai kyau, sai dai yamma ta fi gabas tudu."

"Sa hannu."

Na ɗauki biron. Na sunkuya. Sai idona ya sauka a kan kwanan watan da aka buga kusa da sunana: ranar jawabin rediyo, wata bakwai da suka wuce.

"Zan gyara kwanan wata in sa na yau."

Ya dafe takardar da tafin hannu. "Kada ki taɓa. Ranar da Shugaba ya faɗa, ranar ce."

"A ranar akwai rami. Faɗi mita ɗaya da rabi. Ga littafina, shafi ɗari da arba'in da shida, kowane da kwanan watansa."

"Ke wai me kike so? Ramin ya tafi! Kin ci! Lamba ce kawai a takarda!"

"To tunda lamba ce kawai, a bar ni in sa ta yau."

Muka tsaya a haka, shi ya dafe takarda, ni na riƙe biro a sama. Wayarsa ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Daga ƙarshe na rufe biron, na ajiye masa a gefen hannu, na ce a huta lafiya.

Takardar sallama ta fito bayan kwana biyu. Anti ce ta buga, ta sauko da ita da kanta har ƙofa, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. An rubuta cewa tunda gurbin da aka tura ni ya daina wanzuwa, kuma bincike ya tabbatar bai taɓa wanzuwa ba, hukuma ba ta da inda za ta ajiye ni. An kuma buƙaci in mayar da kujerar roba.

"Kin karanta masa kafin ya sa hannu?" na tambaye ta.

"Wannan karon sau uku ya karanta," ta ce. Ta gyara mini ɗankwali, ta juya ta hau bene.

Da na kai wa Mama takardar ta sa aka karanta mata sau biyu. Sannan ta ce, "To yanzu me zan ce wa matar gidan can?" Na ce ta ce an gama aikin da aka tura ni. Ta ce, "Wannan kam gaskiya ne," ta miƙo mini man shafawa.

Sabon jami'in awo da suka ɗauka ya sa hannu a rahoton ranar da ya fara aiki, kafin ma a nuna masa teburinsa. Yanzu a takardun hukuma ba a taɓa yin rami a ƙofar ofis ba. Takardar Darakta tana nan a ledarta cikin akwatina, tare da littafin awo. Motoci suna wucewa ta wurin sumul, babu direban da ya san da ni.

Ga abin da ƙin sa hannun ya ci mini. Aikina na farko ya tafi, kuma ba za su taɓa rubuta mini takardar shaida ba. Wata tara ke nan ina yawo da fayil, duk ofishin da na shiga sai wani ya ce, "Af, ba ke ce ta hoton nan ba?" sannan a ce za a neme ni. Fatata ba ta dawo ba har yau. Kawu ya kwashe rumfarsa ya koma wata unguwa, ranar da muka haɗu na gaishe shi ya amsa da ka. Sunana kuwa ba ya ƙasan takardar, kuma shi kaɗai na fito da shi daga ofishin.